Babi na Tara: Ziyarar Gidan Zu na Kano a Matsayin Dabarar Koyar da Hausa

9.0 GABATARWA

A babin da ya gabata an yi bayani a kan kayan koyarwa da malamin Hausa yake amfani da su a cikin aji, kamar allo da hotuna da katuttukan kalmomi. Wannan babi kuma zai fita da mu wajen aji, domin mu nazarci wata dabarar koyarwa da ake kira ziyarar ilimi. Wurin da aka zaɓa don yin misali shi ne Gidan Namun Daji na Audu Baƙo da ke Kano, wanda jama'a suka fi sani da Gidan Zu.

Dalilin zaɓen wannan wuri shi ne wata matsala da malamai suke cin karo da ita a makarantun cikin birni. Yaron da aka haifa a Yakasai ko Mandawari ko Koki ya san sunan kura tun kafin a sa shi a makaranta, domin ya ji ta a tatsuniya, an kuma sha tsorata shi da ita. Haka nan ya ji sunan barewa da ɓauna da gwanki a bakin manya. Amma idan aka ce ya faɗi bambancin barewa da gada, ko ya nuna itacen kanya a cikin itatuwa, sai ya yi shiru. Kalmar tana bakinsa, amma abin da take nufi bai taɓa shiga idonsa ba. Irin wannan kalma ba ta daɗewa a ƙwaƙwalwa, kuma mai ita ba ya iya amfani da ita a rubutu yadda ya kamata. Idan kuwa ta ɓace, karin magana da kirarin da aka gina a kanta su ma sun zama kurame. Aikin malami a wannan ziyara shi ne ya haɗa yaro da abin da kalmar take nufi, domin Hausawa sun ce gani ya kori ji.

9.1 MANUFOFIN BABI

A ƙarshen wannan babi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bayyana wuraren da Kanawa suke shaƙatawa a da, da kalmomin da ake kiran su da su;
(b) kawo taƙaitaccen tarihin Gidan Zu da abubuwan da ke cikinsa;
(c) fito da darussan nahawu da ƙa'idojin rubutu da adabin baka da insha'i daga ziyarar;
(d) tsara ziyarar ilimi mataki-mataki, tare da kiyaye lafiyar yara.

9.2 WURAREN SHAƘATAWA A BIRNIN KANO NA DA

Tarihi ya nuna cewa an fara gina ganuwar Kano a zamanin Sarki Gijimasu (1095–1134), aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499) da wasu sarakunan da suka biyo baya. Waɗanda suka gina ta sun kewaye gidaje, sun kuma kewaye gonaki da makiyaya, domin idan abokan gaba suka yi wa gari zobe mutane su sami abin ci. Bature ɗan yawon bincike Hugh Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824, ya ƙiyasta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Heinrich Barth ma, da ya zo a 1851, ya tarar da sarari mai yawa a cikin birni. Ke nan yaron wancan zamani bai buƙaci a kai shi wani wuri na musamman kafin ya ga kuka ko rimi ko shamuwa ba. Yana iya hawa Dala ko Goron Dutse ya hango gari, ya bi bakin Jakara da kududdufai ya ga tsuntsayen ruwa. Namun daji kuwa, gardawa ne suke yawo da kura da biri da maciji unguwa-unguwa suna wasa da su.

Saboda haka Hausa tana da kalmomi da dama na buɗaɗɗen wuri, kowace da inda ta dosa:

Dandali: fili a tsakiyar gari ko unguwa inda yara da samari da 'yan mata suke taruwa don wasa, musamman da dare lokacin farin wata.
Fage: wurin da aka keɓe don wasa ko gasa, kamar dambe da kokawa.
Lambu: wurin da ake shuka kayan marmari da na miya ta hanyar ban ruwa.
Kurmi: wuri mai duhuwar itatuwa.
Sheka: filin itatuwa da ke cikin Gidan Rumfa, wato fadar Sarkin Kano.

A cikin waɗannan babu wadda ta yi daidai da wurin da hukuma take killacewa, ta dasa itatuwa, ta sa kujeru, mutane su biya kuɗi su shiga su huta. Wannan tsari baƙo ne, ya bunƙasa ne a biranen Turai da Amurka a ƙarni na 19, lokacin da masana'antu suka cika birane da jama'a da hayaƙi. Da tsarin ya iso ƙasar Hausa sai aka ƙirƙira masa suna, aka ce wurin shaƙatawa ko lambun shaƙatawa. A lura da dangantakar kalmar shaƙatawa da aikatau shaƙa, wato jan iska ta hanci.

A yau gine-gine sun cinye galibin filayen da Clapperton ya gani, an cike kududdufai da yawa an yi gidaje da kantuna a kansu. Wannan ne ya sa yaron cikin birni ya zama mai buƙatar abin da kakansa bai buƙata ba.

9.3 GIDAN ZU DA ABUBUWAN DA KE CIKINSA

Kwamishinan 'yan sanda Audu Baƙo shi ne gwamnan farko na Jihar Kano, ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. A zamaninsa ne aka kafa wannan gida a 1971, aka buɗe shi ga jama'a a 1972, kuma sunansa gidan yake ɗauke da shi. Yana kudu da ganuwa, ba shi da nisa da Ƙofar Ɗan'agundi da Sabuwar Ƙofa, a kan titin da shi ma ya samo sunansa daga gidan, wato Titin Gidan Zu. Faɗinsa ya haura hekta 40. Lokacin da aka kafa shi yankin bayan gari ne, amma yanzu gidaje da kantuna sun kewaye shi.

Kalmar zu ta aro ce daga Ingilishi. Can ma gutsure ce daga dogon sunan lambun dabbobi na birnin Landan, wanda aka buɗe a 1828. Ana yawan ganin an rubuta ta "Zoo" ko a cikin rubutun Hausa. Ya kamata malami ya nuna wa ɗalibai cewa kalmar aro takan bi ƙa'idar harshen da ya are ta, don haka zu za a rubuta, kamar yadda ake rubuta mota da tebur.

Ana iya kasa abubuwan da mai ziyara zai tarar kashi uku:

(a) Sashen dabbobi. A lokuta daban-daban an ajiye zaki da kura da giwa da raƙumin dawa da birai da kada da jimina da kunkuru da mesa da tsuntsaye iri-iri. Yawansu da ire-irensu sukan sauya, domin wasu sukan mutu, a kuma kawo sababbi.

(b) Sashen itatuwa. Gidan lambun tsirrai ne kuma, kuma inuwarsa tana daga cikin abin da yake jawo mutane lokacin bazara. Malamai da yawa sukan wuce itatuwa ba su ko ɗaga kai ba, alhali darasin da ke cikinsu bai gaza na dabbobi ba.

(c) Abubuwan jin daɗin baƙi. Waɗannan sun haɗa da wurin sayen tikiti, da hanyoyin tafiya, da wuraren zama, da wurin wasan yara, da masu sayar da abinci da abin sha, da wurin salla, da makewayi.

Gidan yakan cika maƙil a ranakun bikin Sallah, lokacin da yara suke zuwa daga cikin birni da ƙauyuka da kwalliyarsu. Wannan zuwa na nishaɗi ne. Ziyarar ilimi kuwa tana da manufa da aka rubuta tun kafin a tashi, da aikin da za a auna bayan an dawo.

9.4 DARUSSAN HARSHE DA ADABI

9.4.1 Kalmomi da Ma'anarsu

Abu na farko shi ne tantance suna. Yara sukan kira duk wani mai kama da akuya barewa, duk wani mai ja da ciki maciji. Hausa kuwa ta bambance barewa da gada da gwanki, ta bambance mesa da kasa da kububuwa da gamsheƙa, ta bambance damo da guza. A cikin birai akwai jan biri da kirka da bika. Ko kura ma akwai mai dabbare-dabbare, akwai kuma mai zane wadda ake kira sayaki.

Rashin tantancewa yakan jawo kuskure a fassara. Damisa dabba ce mai ɗigo-ɗigo da ake samu a dazukan Afirka, amma sau da yawa akan ba da sunanta ga wata babbar dabba mai zane-zane ta nahiyar Asiya, wadda ba a samun ta a dajin Afirka ko kaɗan. Wani misali ya faru a shi kansa Gidan Zu. A watan Yuni na 2019 labari ya bazu cewa gwaggon biri ya haɗiye Naira miliyan 6.8 na kuɗin shiga. Jaridun Ingilishi na gida da waje suka buga cewa gorila ce ta yi aikin, sai gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya bayyana cewa babu gorila a gidan. Abin lura ga ɗalibin harshe shi ne, Bahaushe yakan kira bika gwaggon biri, yakan kuma faɗaɗa sunan ya haɗa da duk wani ƙaton biri, har da waɗanda babu su a ƙasarsa. Wannan shi ake kira faɗaɗa ma'ana, kuma wajibi ne mai fassara ya yi hattara da shi.

A ɓangaren itatuwa kuma za a ci karo da bambancin karin harshe. Itacen da Bakano yake kira darbejiya, wasu dogon yaro suke ce masa, wasu maina, a Jamhuriyar Nijar kuma bedi. Yawan sunayen yana da nasaba da kasancewarsa baƙo, domin asalinsa daga yankin Indiya ne. Kada malami ya ce wa yaron da ya kawo sunan garinsu ya yi kuskure. Ya rubuta duka, sannan ya nuna wanda aka fi amfani da shi a rubutu.

9.4.2 Ƙirar Kalma

Sunayen dabbobi suna ba da misalai masu kyau na jinsi da adadi:

Jinsi: zaki/zakanya; kure/kura; biri/birinya; toron giwa/giwa; raƙumi/taguwa.
Adadi: zaki/zakoki, kura/kuraye, giwa/giwaye, biri/birai, barewa/bareyi, jimina/jiminu.

A nan malami zai nuna cewa wasu sunaye jinsi ɗaya suke da shi a nahawu, ko da dabbar namiji ce ko mace. Akan ce "jimina ta gudu", "kada ya nutse", ba tare da an bincika jinsin dabbar ba.

Sai kuma harɗaɗɗun sunaye irin su raƙumin dawa da jakin dawa da mugun dawa. Biyu na farko suna nuna yadda Bahaushe yake raɗa wa abin da ke nesa da shi suna ta hanyar kwatanta shi da na gida: dogon wuya ya tuna masa da raƙumi, ƙirar jiki ta tuna masa da jaki. A wajen jam'i, kalmar farko ce take sauyawa: raƙuman dawa, jakunan dawa.

9.4.3 Ƙa'idojin Rubutu da Furuci

Yawancin ɗalibai suna sakaci da ƙugiya. Waɗannan tagwayen kalmomi za su nuna musu illar hakan:

kura (dabba) da ƙura (ta ƙasa)
dinya (tsuntsuwar ruwa) da ɗinya (itaciya)
kada (na ruwa) da kaɗa (kamar kaɗa ganga)

Wanda ya rubuta "ƙura ta cinye akuya" ya faɗi abin da ba ya yiwuwa. Akwai kuma kalmomin da rubutunsu ɗaya ne, amma karin sauti ko tsawon wasali ya raba su: gada dabba da gada ta ƙetare ruwa, kuka itaciya da kuka na hawaye, dawa daji da dawa hatsi. Tun da rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti, jimla ce take fayyace ma'ana. Sai malami ya sa kowane ɗalibi ya furta su, ya kuma saka kowace a jimla.

9.4.4 Adabin Baka

Karin magana da kirari sun samo asali ne daga lura da ɗabi'un halittu. A gaban kowane keji malami ya tambayi yara abin da suka sani, kafin ya kawo nasa. Ga misalai:

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.
Giwa a garin wani zomo ce.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.
Damisa ƙi sabo.
Gwanki sha bara.
Damo sarkin haƙuri.

Yaron da ya tsaya kusa da giwa ya ga girmanta shi ne zai gane nisan da ke tsakaninta da zomo, ya kuma gane abin da ake nufi game da baƙunci. Karin maganar kura da gardi kuwa dama ce ta ba da tarihin gardawan da aka ambata a sama.

Sai dai wajibi ne a raba wa yara tsakanin dabbar tatsuniya da ta zahiri. A tatsuniya kura wawuya ce, matsoraciya, mai kwaɗayi. Masana dabbobi kuwa sun tabbatar da cewa kura mai dabbare-dabbare mafarauciya ce da take kama yawancin abincinta da kanta, tana zaune cikin garke wanda mata suke jagoranta. Tatsuniya ta ari kura ne domin ta yi wa mutum hannunka-mai-sanda. Fahimtar wannan ita ce matakin farko na nazarin taurari a adabi.

9.4.5 Insha'i na Siffantawa

Babban raunin ɗalibai a wannan nau'in insha'i shi ne dogaro da kalmomi biyu ko uku: babba, ƙarami, mai kyau. Ziyara tana tilasta musu neman wasu. Malami ya tanadi siffofi irin su shirgege da zungureriya da ribɗeɗe, da amsa-kama irin su tinƙis-tinƙis da wuf da tsulum da cak, da kalmomin kukan dabbobi irin su ruri da gurnani da huci. Kwatanta waɗannan sakin layi biyu:

(i) Mun ga jimina. Babba ce. Tana da kyau. Tana da dogon wuya.

(ii) Jimina ta ɗara kowane ɗayanmu tsawo. Wuyanta zungurere ne, babu gashin kirki a jikinsa, ga ɗan ƙaramin kai da manyan idanu. Yatsu biyu ne rak a kowace ƙafarta. Namijin baƙi ne ƙirin, da farin gashi a bakin fukafukai, macen kuwa ruwan ƙasa ce. Da muka matso sai ta tsaya cak, ta ƙura mana ido, sannan ta juya ta taka a hankali.

Duk abin da ya fifita na biyu a kan na farko daga lura ya fito. Wanda bai ƙirga yatsun ba, ba zai rubuta su ba.

9.5 MATAKAN GUDANAR DA ZIYARA

9.5.1 Kafin Ziyara

(a) Malami ya zaɓi manufa ɗaya ko biyu kawai. Ɗan ƙaramar sakandare aji ɗaya ba zai ɗauke duk darussan da ke 9.4 a yini guda ba.
(b) Ya nemi izinin shugaban makaranta a rubuce, sannan a aika wa iyaye takardar neman amincewa. Yaron da bai dawo da ita ba, ba za a tafi da shi ba.
(c) Ya je gidan da kansa tukuna. Ya ga dabbobin da ke akwai a lokacin, ya tambayi kuɗin shiga da lokacin buɗewa, ya san inda makewayi da wurin salla da inuwar zama suke. Malamin da ya yi wa yara alkawarin ganin wata dabba suka je babu ita, ya zubar da darasinsa tun daga ƙofa.
(d) Ya tabbatar da sunayen da yake shakka a kansu. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero na 2006 za su taimaka, haka ma littafin sunayen tsirrai na Hausa da J. M. Dalziel ya wallafa a 1916. Tsofaffin mafarauta da masu maganin gargajiya na kasuwar Kurmi su ma taska ce.
(e) Ya zaɓi ranar karatu da safe. A guji ranakun Sallah saboda cunkoso, a kuma guji tsakar rana, musamman daga Maris zuwa Mayu, domin zafi yakan galabaitar da yara, dabbobin ma sukan kwanta.
(f) Ya shirya takardar aiki mai gurabe huɗu: suna, kamanni, motsi ko kuka, karin magana ko kirari.

9.5.2 Lokacin Ziyara

A kasa yara ƙungiya-ƙungiya, kowace kada ta wuce mutum goma, da babba guda mai kula da ita. Idan akwai 'yan mata, lalle a tafi da malama. A kira suna kafin a shiga mota, da bayan an sauka, da kafin a fito, da bayan an dawo makaranta. A nuna wa yara wuri ɗaya da duk wanda ya ɓace zai je ya tsaya.

Tun a ƙofa a karanta musu dokoki: ba a zura hannu cikin keji, ba a jifa ko tsokanar dabba, ba a ba ta abinci, ba a tsallake shinge, ba a yar da leda. Kada a ɗauki wannan da wasa. A watan Oktoba na 2019 wani zaki ya kuɓuce daga kejinsa a wannan gida, aka rufe wurin har sai da aka mayar da shi. Naman daji ko ya shekara nawa a keji, halinsa yana nan.

A gaban keji malami ya rage magana, ya yawaita tambaya: Ƙafafun kura na gaba da na baya, waɗanne suka fi tsawo? Da me za ku kwatanta fatar kada? Ya ba yara lokaci su duba, su rubuta. Gara a tsaya a keji shida a lura da kyau, da a zagaye gidan duka a guje. Ma'aikatan gidan sun san abincin kowace dabba da halinta, sai a sa yara su gaishe su, su yi musu tambaya cikin ladabi. Wannan ma darasi ne na magana da sauraro.

9.5.3 Bayan Ziyara

Washegari kowace ƙungiya ta ba da rahoto da baki. A tattara kalmomin a allo, a gyara rubutunsu, a shirya ɗan ƙaramin ƙamus na aji bisa tsarin abacada. Daga nan kowane ɗalibi ya rubuta insha'i a kan dabba ɗaya ko itaciya ɗaya. A kuma ba su jinga: kowa ya tambayi kakarsa ko wani dattijo a gida karin magana ko tatsuniya ɗaya game da dabbar da ya zaɓa. Ta haka abin da aka gani a Gidan Zu zai koma ya tayar da hira a cikin gida.

9.6 MATSALOLI DA HANYOYIN MAGANCE SU

Matsala ta farko ita ce kuɗin mota da na shiga. Bai dace a tafi da masu hali a bar marasa hali a aji ba, sannan a yi jarrabawa a kan abin da wasu kaɗai suka gani. A nemi taimakon ƙungiyar iyaye da malamai, a kuma rubuta wa hukumar gidan tun da wuri a nemi rangwame. Ta biyu ita ce yawan ɗalibai, wadda maganinta shi ne a raba tafiyar zuwa kwana biyu ko uku. Ta uku ita ce fargabar iyaye, kuma abin da yake kawar da ita shi ne bayani filla-filla a kan lokacin tashi da na dawowa da sunayen malaman da za su raka yara.

Idan duk da haka tafiyar ta gagara, ba a fasa dabarar ba. Makarantar cikin birni tana iya kai yara Gidan Makama ko Dala ko marinar Ƙofar Mata, a bi matakan nan dai, a tattaro kalmomin gini ko na rini.

9.7 KAMMALAWA

A wannan babi an ga yadda cikar birnin Kano ta raba yara da filaye da itatuwa da tsuntsayen da magabatansu suka tashi a cikinsu, da yadda hakan ya shafi kalmomin da suke bakinsu. An kawo tarihin Gidan Zu da abubuwan da ke cikinsa, an kuma nuna darussan ma'ana da ƙirar kalma da ƙa'idojin rubutu da adabin baka da insha'i da za a iya fitarwa daga gare shi. Nasarar ziyara ta dogara ne ga shirin da malami ya yi kafin a tashi, da aikin da ya bayar bayan an dawo. A babi na gaba za a duba hanyoyin gyaran insha'in ɗalibai.

9.8 AUNA FAHIMTA

1. Bambance tsakanin dandali da fage da lambu da wurin shaƙatawa.
2. Me ya sa aka bar gonaki a cikin ganuwar Kano? Yaya cikewarsu ta shafi kalmomin yaran birni?
3. Yi bayanin faɗaɗa ma'ana, tare da misali daga sunayen dabbobi.
4. Kawo tagwayen kalmomi biyar da ƙugiya ta bambanta, ban da waɗanda aka kawo a wannan babi.
5. Kawo karin magana biyar da suka ambaci namun daji, ka bayyana ɗabi'ar dabbar da aka gina kowace a kanta.
6. Wane amfani ke ga zuwan malami wurin ziyara kafin ya kai yara?

JINGA

Shirya tsarin darasi na minti 40 ga ɗaliban ƙaramar sakandare aji ɗaya, a kan insha'i na siffantawa, wanda za a gabatar washegarin ziyarar Gidan Zu. Haɗa da takardar aikin da ɗalibai za su cike a wurin.